Leda Ta Ɓata Mana Juji

Iyayenmu ba su ɗauki shara a matsayin masifa ba. A ƙasar Kano, da rani manoma kan shigo birni da jakuna, su cika mangala da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su kai gona ta zama taki. Ƙanzo na tumaki ne, dusa ta kaji, gwangwanin madara kuwa maƙeri ya mayar da shi fitilar aci-balbal.

Yau fa? Abin takaici, juji ya cika da baƙar leda da ledar fiya-wata, waɗanda ba sa ruɓewa. Manomi ya kwasa ya zuba a gona, ta hana iri tsirowa. Akuya ta haɗiye ta, ta yi ta rama, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Ruwan Agusta ya sauko, kwata ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin katangar maƙwabci har ta faɗi. Babu shakka wannan cutar da maƙwabci ce, kuma za a tambaye mu a kanta.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu kam bai kamata mu zauna jiran doka ba. Muna kira ga 'yan'uwa maza su riƙa tafiya cefane da jaka ko kwando. Uwargida ta ware toka da ɓawon kayan miya gefe guda, ta tara roba da ƙarfe da dalma domin 'yan jari-bola, waɗanda ke saye da kuɗinsu. Kwamitocin masallatai kuma su tanadi buhun tara ledar ruwa a wuraren wa'azi, domin mun ga yadda fili ke zama bayan an watse.