A karanta mana sharuɗɗan bashi kafin a auna gonakinmu

Duk bashin da wata gwamnati ta bai wa Najeriya don yin aiki, da sharaɗinsa yake zuwa, kuma ban ga laifin mai kuɗi ba. Abin da ke damuna, ni manomi a Kajiji, shi ne waɗanda aikin zai bi ta gonakinsu su ne na ƙarshen ji.

Dubi bankin Exim na gwamnatin Sin, wanda ya ba da dala miliyan 500 aka shimfiɗa layin dogo daga Abuja zuwa Kaduna, aka buɗe a 2016. A 2020 ofishin kula da basussuka ya ce kuɗin ruwan irin wannan bashi kashi 2.5 cikin ɗari ne, a biya cikin shekara 20, da sararawar shekara 7. Da sauƙi, amma kwangilar ta kamfanin ƙasarsu ce, CCECC. A shekarar ce kuma 'yan Majalisar Wakilai suka ta da jijiyar wuya kan wani sashe na wata yarjejeniyar bashi daban, ta dala miliyan 400, inda Najeriya ta yarda ba za ta fake da 'yancinta na ƙasa ba in rikicin biya ya taso. Sai da aka yi kusan shekara biyu da sa hannu suka farga. In wakilanmu na Abuja haka, ina ga mai garma?

Sharaɗin da ke kare mai ba da bashi ba ya neman tuni. In jiha ce ta ci, tun daga Abuja ake zare kuɗin daga kasonta na wata-wata. Wanda ke kare talaka shi ne ke kwana a takarda. Bankin Duniya, da hukumar DFC ta Amurka da aka kafa a 2019, suna da ƙa'idar cewa a tuntuɓi mutane, a biya su diyyar da za ta maye abin da suka rasa kafin a tashe su, a kuma buɗe musu ƙofar kai ƙara. Amma wa ya taɓa jin an karanta wannan a ƙofar hakimi?

Dattawanmu ba su manta Bakolori ba. A Afrilun 1980, zamanin mulkin namu, Alhaji Shehu Shagari, manoman da madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a can ta ci gonakinsu suka tare hanya kan diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisarmu na Sakkwato: kada su amince da kowane bashin waje sai an fassara sharuɗɗansa da Hausa da Fulatanci, an karanta a rediyo da masallatan Juma'a. A faɗa mana nawa ne, shekara nawa, wa zai yi aikin, yaranmu nawa za a ɗauka, nawa ne kuɗin kadada. Jikokinmu ne za su ƙarasa biya, don haka muna da haƙƙin ji tun yau.