Izinin Gini: Tarkon Da Aka Ɗana Wa Talaka

Magidanci a Kurna ko Rijiyar Lemo zai yi shekaru yana tara bulo don ya ƙara ɗaki ɗaya, ɗansa ya ajiye amarya. Kafin gini ya kai linta sai ga ma'aikata da jan fenti sun shafa masa alama a bango, wai ba shi da izini. In ya je nema, a ce ya kawo takardar mallaka, da zanen gini mai hatimin ƙwararre, da rasit kan rasit. Gidan gado ne tun kaka da kakanni, ina zai samo su? Fayil kuwa ba ya motsi sai an ga mai teburi.

Tushen wannan zalunci shi ne dokar filaye ta 1978 da sojoji suka kafa zamanin Obasanjo, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Mai gida ya koma ɗan haya na shekara 99.

Musulunci bai hana hukuma sa ido a kan gini ba, don kar a toshe hanya ko magudanar ruwa, ko a cuci maƙwabci. To ina masu jan fenti suke lokacin da bene ya rufta da bayin Allah a titin Beirut, Kano, a 2022?

Takardar ma ba ta tsare kowa. Shagunan Filin Idi gwamnatin Ganduje ce ta ba da filinsu, gwamnatin Abba ta zo ta rushe su a 2023. Kotun tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar diyyar Naira biliyan 30, bayan jarinsu ya riga ya koma ɓaraguzai.