Mai haɗa magani shi faɗi illarsa



A 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwis, Paul Müller, ya gano cewa maganin da ake kira DDT yana kashe ƙwari. Ya kashe sauro da ƙwarƙwata, ya ceci mutane masu yawa daga masassara. A 1948 aka ba shi babbar kyautar Nobel. Ba mu musun wannan alheri.

Amma DDT ba ya ruɓewa da sauri. Yana daɗewa shekaru cikin ƙasa, ya bi ruwa, ya shiga kifi, ya taru cikin kitsen dabba da nonon uwa. Tsuntsaye masu cin kifi suka riƙa yin ƙwai mai ɓawo marar kauri, yana fashewa kafin ƙyanƙyasa. Wata mata masaniya, Rachel Carson, ta tona zancen cikin littafinta a 1962, masu saida maganin suka yi mata ca. A 1972 Amurka ta hana zuba shi a gonakinta, amma ba ta daina yin shi tana saida ma wasu ƙasashe ba sai bayan shekaru. Nan ne nake ganin laifi. Abin da ka hana ɗanka, don mi za ka miƙa ma ɗan wani?

Ɗan'uwansa diyeldirin kuwa an fesa shi a Sahel don yaƙi da fara. Sai a 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu a Istokolm don kawar da shi.

A ganina aikin masani bai ƙare ba ranar da ƙwaro ya mutu. Wajibinsa ne ya bi sawun maganin har rijiya, har amyar zuma, har hannun yaron da ke fesa wake ba safa, ba takalmi. Ya kuma faɗi illar da harshen da manomi ke ji. Kun yi yaƙi da jahilci, kun iya karatu, amma gargaɗin da ke jikin kwalba da Faransanci ko Ingilishi yake. Mu malaman gona ma muna da namu kashi: sau da yawa mukan faɗi awo, mu manta da haɗari.

In aka kawo muku magani, ku tambaye mu kwana nawa za a jira kafin a ci amfanin. Wanda ba takarda a jikinsa, ku bar shi a kasuwa. Bidon da ya ƙare kuma a huda shi, kada yara su kai shi rijiya.