Zubar jini bayan haihuwa: Me ya sa ake makara?

Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan matan da ke rasuwa a dalilin ciki da haihuwa. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai, mata kimanin 75,000 ne suka rasu ta wannan hanya a ƙasar, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na adadin duniya baki ɗaya.

Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba a cikin musabbaban hakan. Abin takaicin shi ne an daɗe da sanin magungunan tsayar da jinin, kuma ba su da tsada. Sau da yawa jinkirin gano matsalar ne ke yin kisa.

Yadda jiki ke ɓoye hatsarin

Jikin baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5. Idan jinin ya zuba da yawa, ko ruwan jiki ya ƙare kamar yadda yake faruwa ga mai cutar kwalara, zuciya kan rasa isasshen abin da za ta tura wa sassan jiki. Daga nan ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sai su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai jiki ba ya miƙa wuya nan take. Zuciya kan ƙara sauri, jijiyoyin hannuwa da ƙafafu su tsuke, a karkatar da ragowar jinin zuwa ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar. Don haka mutum na iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, amma na'urar awon jini ta nuna kamar lafiya lau.

Mai jego ta fi kowa shiga wannan tarko, domin jininta kan ƙaru da kusan rabi a lokacin goyon ciki. Takan jure tana magana, har lokacin da za ta yanke jiki gaba ɗaya.

Alamun farko su ne bugun zuciya da sauri, da sanyin tafin hannu tare da gumi, da numfashi sama-sama, da ƙishirwa, da raguwar fitsari. Jiri ko ruɗewa bayan haihuwa ba abin da za a jingina wa gajiyar naƙuda ba ne. Ma'aikatan lafiya na da wani awo mai sauƙi: idan adadin bugun zuciya a minti guda ya kai ko ya zarce lambar sama ta awon jini, to lamarin ya ɓaci.

Ido ba mudu ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. A ɗakin haihuwa kuwa, ko kimar ma yakan kasa sani, saboda jinin kan shige cikin zani da katifa.

Wannan ne abin da wani bincike da ake kira E-MOTIVE ya tunkara. Jami'ar Birmingham ta Ingila ce ta jagorance shi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya.

An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da lambobin awo, wadda ke tara jinin. Da zarar ya kai gejin hatsari, sai a yi komai a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira: murza mahaifa, da allurar oxytocin mai tsuke ta, da maganin tranexamic acid mai taimaka wa jini daskarewa, da ƙarin ruwa ta jijiya, da duba inda jinin ke fitowa.

Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jinin, alhali inda aka dogara da ido kashi 51 kawai aka gano. Zubar jini mai tsanani da illolinsa sun ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Tun a 2017 wani binciken ya nuna cewa tranexamic acid na rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, muddin an ba da shi cikin sa'o'i 3 da haihuwa. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a jira jini ya kai mililita 500 kamar da; idan ya kai 300 kuma alamun jiki sun sauya, a fara magani.

To amma duk wannan a asibiti ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yammacin Nijeriya, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Wadda jini ya ɓalle mata a gida da dare, sai an nemi izini, an nemi mota, an nemi kuɗi.

Jamhuriyar Nijar ta nuna ana iya kusantar da taimako. Daga 2014 ta wadata ƙananan asibitoci da ƙwayar misoprostol, wadda ba ta buƙatar firji kamar oxytocin, da balan-balan da ake hurawa a cikin mahaifa, da wata riga mai matse ƙafafu da ciki don mayar da jini zuwa zuciya kafin a isa babban asibiti. Mace-macen zubar jini a asibitocin ƙasar sun ragu da fiye da rabi.

Inda gizo ke saƙa har yanzu shi ne samun jinin kansa. Ruwan da ake ƙarawa na sayen lokaci ne kawai, ba ya kai iska ga sassan jiki. A asibitoci da dama kuwa, sai mace ta galabaita sannan ake cewa dangi su kawo wanda zai ba da jini.