Sharhinmu: Wayar Hannu Tana Bukatar Sarkin Ƙofa

 Sharhinmu na wannan fitowa ya shafi wani hali da ya shigo mana sannu a hankali har ya zama jiki, wato yawan duba waya da kwamfuta a lokacin aiki. Dattawan ikilisiya sun saba jin ƙarar shaye-shaye, da cin bashi, da rikicin aure. Wannan kuwa ba a kawo ƙararsa gaban dattawa, domin ba a ɗauke shi a bakin laifi ba. Duk da haka yana cin lokacin 'yan'uwa, yana rage musu abin sawa a baka, yana kuma ɓata shaidarmu a idon waɗanda muke zaune tare da su.

Mu ɗauki kasuwar Ƙofar Ruwa, inda 'yan'uwa da dama daga Sabon Gari da Birged da wasu unguwanni suke neman abincinsu. Kasuwa ce ta rodi da kwano da bututu da fenti da kayan gyaran mota. Ciniki a nan na ƙidaya ne da awo. Rodi mai milimita 12 daban yake da mai 16, kuma wanda ya loda wa magini wanda ba shi ya saya ba, ya jawo asarar kuɗin mota da ɓacin rai. Amma yau ka ratsa layukan kasuwar, za ka ga yaron shago mai saye na tsaye a kansa, shi kuwa idonsa na kan waya. Ana ƙirga bandir ɗin kwano, waya ta yi ƙara, lissafi ya ɓace, a sake daga farko. A ofisoshi ma haka abin yake: takardar da za a gama kafin azahar sai ta kwana, domin mai ita ya buɗe akwatin imel sau ashirin, daga nan ya zarce Facebook, daga can ya faɗa labaran ƙwallo.

Abin bai daɗe da zuwa ba. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. A waɗancan shekaru, mai son duba imel sai ya tafi shagon intanet, ya sayi awa ɗaya, ya zauna. Idan lokacinsa ya ƙare, kwamfuta ta rufe, ya tashi ya koma bakin aikinsa. Tsada da nisa su ne suka zame mana shinge ba mu sani ba. Yanzu shagon intanet ɗin ya koma aljihu, ba ya rufewa dare da rana, kuma babu mai cewa lokacinka ya cika.

Ya kamata mu gane cewa da gangan aka ƙera waɗannan abubuwa don su riƙe mutum. A 2006 wani injiniya Ba'amurke mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, wanda kana jan yatsa sabon abu na fitowa, daga baya kuma ya fito fili ya nuna nadamarsa. Abin da ke jan mutum shi ne rashin sanin abin da zai tarar. Sau tara ka duba babu komai, na goma ka ga saƙo mai daɗi, wannan ɗayan ya isa ya sa ka sake dubawa sau tara. Dabarar da ke riƙe ɗan caca ke nan. Wata malama a Jami'ar Kalifoniya, Gloria Mark, ta yi shekaru tana auna yadda ma'aikata ke aiki da kwamfuta. A 2004 ta tarar mutum yakan yi wajen minti biyu da rabi a kan abu ɗaya kafin ya juya zuwa wani. A bincikenta na baya, lokacin ya ragu zuwa daƙiƙa 47. Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce, ai da wayar nake ciniki. Gaskiya ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, masu saye da yawa da turin kuɗi suke biya, dole ɗan kasuwa ya tabbatar kuɗi sun shiga kafin kaya su fita. Magina suna turo jerin kaya ta WhatsApp. Ba mu ce kowa ya jefar da wayarsa ba. Tambayar ita ce, wa ke aiken wani? Manzo Bulus, a 1 Korintiyawa 6:12, ya yarda cewa akwai abubuwan da ba haram ba ne, amma ya ƙi yarda ko ɗaya daga cikinsu ya zama ubangidansa. Idan ka ɗauki waya don duba shigowar kuɗi, ka farga bayan rabin awa kana kallon bidiyo, ka san wanda ya aiki wani.

Ga mu Kirista a Kano, maganar ta wuce ta riba da asara. Mu ƙalilan ne, kuma yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azi ba. Wa'azin da suke ji shi ne aikinmu. Iyayenmu da suka zo garin nan, malaman asibiti da kafintoci da makanikai da akawu, sun sami gindin zama ne domin an shaide su da riƙon amana. Alhaji yakan bar wa Kirista makullin shago ya tafi Makka hankalinsa kwance. Wannan suna gado ne, kuma ana iya ɓatar da shi. Kolosiyawa 3:22-24 ta gargaɗe mu a kan aikin ganin ido, ta kuma tuna mana cewa Ubangiji ne ainihin wanda muke yi wa aiki. Awa takwas da aka biya ka dominsu ba naka ba ne. Wanda ba zai taɓa sa hannu a aljihun maigidansa ba, amma yana kwashe masa awa biyu kullum a kan waya, ya kamata ya zauna ya yi wa kansa hisabi. Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi ma: in an kira salla, sukan ajiye waya da ciniki su tafi. Mutum yana iya ajiye ta idan ya ga abin da ya fi ta muhimmanci.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da mu, wanda bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Da yawa cikinmu tsoro ne ke kai hannunsu ga waya. Wanda ya ga Oktoba 1991, da Mayu 2004, da Afrilu 2011, da ranar 20 ga Janairu 2012, ya san yadda gari kan juya cikin awa guda, ya kuma san nisan da ke tsakanin Ƙofar Ruwa da gida a irin wannan rana. Saboda haka yana dubawa ya ji ko lafiya. Wannan damuwa ba abin raini ba ce. Sai dai dubawa kowane minti biyar ba ta ƙara wa kowa tsaro. Abin da take ƙarawa shi ne jita-jita: tsohon hoto daga wata ƙasa, da muryar wanda ba a sani ba, da saƙon da ke cewa a tura wa kowa. Sau nawa aka rufe shaguna aka kwashi yara daga makaranta a kan labarin da ba shi da tushe?

Nehemiya ya fuskanci irin wannan. Yana gina garun Urushalima, Sanballat da Geshem suka aiko masa har sau huɗu ya sauko su gana a filin Ono. Duk sau huɗun amsarsa ɗaya ce, aikin da ke hannunsa ya fi ƙarfin a bar shi. A karo na biyar Sanballat ya aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa cike da ƙage don ya tsorata shi, Nehemiya ya ce masa ƙirƙira ce, ya ci gaba da gini. Bai yi sakaci da tsaro ba. A sura 4 ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, domin magina su sa ido ga aikinsu, su san cewa in akwai haɗari na gaske za su ji ƙaho. Garun ya ƙare cikin kwana 52. Bayan haka, a sura 7, ya naɗa masu tsaron ƙofa, ya kuma yanka lokacin buɗewa da na rufewa.

Mutumin Kano ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ba a gina ta don hana ciniki ba. Ta ƙofofinta fatake suka riƙa shigowa har Kano ta zama Kano. Amma kowace ƙofa, har da Ƙofar Ruwa, tana da sarkin ƙofa, kuma in dare ya yi akan rufe. Karin Magana 25:28 ta kwatanta marar kamun kai da birnin da garunsa ya rushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawarwari guda biyar.

Na farko, yanka wa kanka lokacin dubawa, misali da safe kafin a buɗe shago, da tsakar rana, da kuma bayan an tashi. An gwada wannan a Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada da mutum 124, aka buga sakamakon a 2015: a makon da aka taƙaita musu duba imel zuwa sau uku a rana, damuwarsu ta ragu.

Na biyu, kashe ƙarar duk wani saƙo, ka bar kiran waya da saƙon banki kawai. Mai bukatar gaggawa zai kira.

Na uku, nisanta ta da hannu. Sa ta a durowa ko a jaka lokacin ƙirga kaya, da rubuta rasit, da magana da mai saye. Mai aiki da kwamfuta ya rufe akwatin imel har ya gama abin da ke gabansa.

Na huɗu, idan da hali, a ware ƙaramar waya ta shago don ciniki kaɗai, wadda babu Facebook ko TikTok a cikinta.

Na biyar, gaya wa wani ɗan'uwa niyyarka, ka ba shi izinin tambayarka duk ranar Lahadi yadda makon ya kasance. Halin da aka ɓoye shi ne ke daɗewa.

Ga dattawa da fastoci kuwa, aikinmu shi ne mu zama masu busa ƙaho. Kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu natsuwa, waɗanda ke da hulɗa da shugabannin CAN da masu unguwanni da jami'an tsaro, a sanar wa jama'a cewa in akwai abin tsoro na gaske, daga bakinsu za a ji, kuma ta kira. Idan mutane suka amince da wannan, hannunsu zai saki waya. A kuma rage yawan saƙonnin da ake zubawa a zaurukan WhatsApp na Zumuntar Mata da na matasa da na mawaƙa a lokacin aiki. Bai dace ikilisiya ta zama ita ce ke sauko da 'ya'yanta daga kan garu ba. Masu shaguna su ma su sani yaro abin da ya gani yake koyo. Maigidan da ke yini yana jan waya ba shi da bakin yi wa yaronsa faɗa.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta sa wannan batu cikin taron dattawa na wannan wata, a kuma tattauna shi a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa. Ubangiji ya ba mu kamun kai, wanda yake ɗaya daga cikin 'ya'yan Ruhu, ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya kuma ba garinmu Kano zaman lafiya. Amin.