Shawarar Wata: Kafin a sayi katifa, a duba cikinta

Kaka ta yi. An sayar da wake, an sayar da aya da riɗi, kuɗi sun shigo hannu. Lokacin aure ke nan, lokacin kayan ɗaki. A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa an tara katifu, waɗanda wasu ke kira matala. Kowace da yadinta mai furanni. Amma yadi riga ce kawai. Abin da ke ciki shi ne katifa.

Wanda ke barcin awa 8 a kwana, kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa a kan shimfiɗa yake yin sa. Manomin da ya yini duƙe a gona yana bukatar wurin da bayansa zai huta. Ga katifu iri huɗu, kowace da halinta.

1. Katifar ciyawa

Ita ce mafi araha. Buhu ne ake ɗinkawa, a cika shi da busasshiyar ciyawa. Ba ta da zafi, kuma mutum yana iya yin ta da hannunsa. Amma ba ta daɗewa take kwantawa. Da damina tana jan raɓa, gara da ƙwari su shiga. Sai an zubar da ciyawar an sa sabuwa kowace shekara.

2. Katifar audugar rimi

Audugar rimi ba ta da nauyi, tana da laushi, ba ta shan ruwa da sauri. Illarta biyu. Da ta tsufa sai ta farfashe ta zama ƙura, ƙurar kuma tana damun mai tari da mai ciwon asma. Sannan tana kama wuta nan da nan. Mai saye ya laluba ta da hannu. In ya ji ƙwayoyin iri da yawa a ciki, ba a gyara audugar sosai ba, kuma irin yana jawo ɓera.

3. Katifar audugar gona

Ta fi ta rimi nauyi da ƙarfi. Tana shan zufa, shi ya sa ba ta cika zafi ba. Bayan an daɗe ana kwanciya, audugar takan dunƙule, wani wuri tudu, wani wuri rami. Amma tana da gyara. Ana farke ɗinki, a fitar da auduga, a shanya, a shiɓe ta, a mayar. Mai saye ya roƙi a buɗe masa bakin ɗinki kaɗan, don wasu na haɗa auduga da tsummoki.

4. Katifar soso

Ita ce mutane suka fi so yanzu, kuma a kanta aka fi asarar kuɗi. Daga sinadaran man fetur ake yin soso a masana'anta. Soso iri-iri ne, ido ba ya rarrabe su. Kauri ba shi ne ƙarko ba. Katifa mai kauri wadda yaro ke ɗauka da hannu ɗaya, iska ce ta yi yawa a cikinta. Ba za ta daɗe ba sai tsakiyarta ta lotsa.

Wasu masana'antu suna rubuta lambar nauyin soso, kamar 18, ko 25, ko 30. Lambar tana nufin kilo nawa ne soson da ya kai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi, mita 1 a tsaye. Yawanci mai babbar lamba ya fi daɗewa.

In babu lamba, ga gwaji uku da ba sa bukatar karatu:

Na ɗaya, a ɗaga katifu biyu masu girma ɗaya. Wadda ta fi nauyi ita ta fi ƙarko.

Na biyu, a shimfiɗa ta ƙasa, a dafa gwiwa a kai. In gwiwa ta ji ƙasa, a bar ta. In an tashi kuma gurbin gwiwa bai cika ba nan take, a bar ta.

Na uku, a leƙa soson ta bakin ɗinki, a murza shi da yatsa. In yana zuba kamar gari, ya tsufa ko rana ta ci shi.

Soso yana riƙe zafi da bazara. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa tabarma a kansa. Abokin gabarsa babba wuta ce: yana ci da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne. A nisanta shi da fitila, da taba, da garwashin da ake shigarwa ɗaki lokacin ɗari.

Lissafin mai saye

Ga misali. Wani ya sayi katifa jika 15, ta lotsa bayan shekara 2. Kowace shekara ta ci masa jika 7 da rabi. Maƙwabcinsa ya sayi ta jika 30, ta yi shekara 6. Kowace shekara jika 5 ke nan. Wa ya sayi mai tsada? Na farko. Dama an ce araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai na soso mai kyau ba, gara ya sayi ta auduga, wadda ke gyaruwa.

A auna gado kafin a tafi kasuwa

Katifa mai wuri ɗaya yawanci santimita 90 ce a faɗi, mai wuri biyu 140, tsawonsu 190. Waɗanda ke shigowa daga Najeriya ta Ɗan Isa, Magariya ko Birnin Ƙwanni, da ƙafa da inci ake awonsu. Ƙafa 1 kusan santimita 30 ce. Don gudun ruɗewa, a auna gado da igiya, a ƙulla, a tafi da igiyar kasuwa.

Katifar kwance

Wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, a bi ɗinkinta da ido. In an ga ɗigo-ɗigon baƙi, akwai kuɗin cizo. Kada a kai ta gida ko da kyauta ce.

Ga makiyaya da masu jarirai

Makiyayin da ke tashi da dabbobi, babbar katifa kaya ce gare shi, ƙaya kuma tana yaga soso. Tabarmar kaba da buzu, ko soso mara kauri mai naɗewa, sun fi masa amfani. Shi kuwa jariri, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi. Mai laushi da yawa tana iya toshe masa hanci.

Bayan an saya

A juya katifa kowane wata, sama ta koma ƙasa, kai ya koma ƙafa. Ta auduga a shanya ta a rana. Ta soso a fitar da ita ta sha iska a inuwa. Kada a bar katifa a kan danshin ƙasa, a ɗora ta bisa gado, ko na kara ne. Da dare a cusa bakin sange, wato gidan sauro, a ƙarƙashinta ta kowane gefe.

Kuɗin kaka sau ɗaya suke zuwa a shekara. Mai saye ya ɗaga, ya dafa, ya leƙa ciki, sannan ya kwance bakin aljihu.