Ka sauya sheƙa? To ajiye mana kujerarmu

1/ Jama'a, barin jam'iyya ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka tafi da kujerar da muka ba ka a ƙarƙashin wata tuta.

2/ A 1983 Abubakar Rimi ya bar PRP ya koma NPP. Sai ya sauka daga gwamna, ya fice daga gidan gwamnatin nan na Nassarawa, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya tsaya zaɓe, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Kujera ta tafi, mutunci ya tsaya.

3/ A Birtaniya ma, a 2014 Douglas Carswell ya bar Conservative zuwa UKIP, ya ajiye kujerarsa ta majalisa, ya sake neman ƙuri'ar mutanen Clacton. Ba doka ce ta tilasta masa ba. Suka mayar da shi.

4/ Mu fa doka muke da ita: sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyarsa ta dare. Shi ke nan, kowa sai ya ce tasa ta dare!

5/ Mu kuma muna tafi, muna canza hula. Wallahi in dai ya yarda da farin jininsa, ya sauka mu sake zaɓe.